Filashi da tsakar rana: abin da ke fito da fuskar ɗanki a hoto

Uwargida, duk wadda ta taɓa tsayawa a layin ɗaukar hoto ranar Sallah ko ranar walimar saukar Alƙur'ani ta ga wannan: rana ta take, kowa na sharce gumi, ga haske har ido ba ya buɗuwa, amma mai hoto sai walƙa filashi yake yi kamar cikin dare. Wata ta ce burga ce, wata ta ce ɓarnar batir. A gefe kuma ga uwa da wayarta, ta ɗauki yaranta cikin sabon ɗinki. Ta duba sai ta ga shadda ta fito, katangar baya ta fito, har lambar motar maƙwabci ana karantawa, amma fuskar yaro duhu, idanu sun faɗa rami. Hoton mai filashin nan kuwa, idan ya san aikinsa, fuska tas, ido na ƙyalli, abin da ke baya ya narke kamar an bi shi da auduga.

Ba tsadar kyamara kaɗai ta kawo wannan bambanci ba. Akwai dalili, kuma sanin dalilin zai taimake ki wajen zaɓen wanda za ki ba kuɗinki, da lokacin da za ki fito da yara. Suna sau ɗaya ake yi wa jariri, sauka ma haka, idan hoton ranar ya lalace babu inda za a sake samo shi.

Rana ce ke kawo duhun

Kano tana kusan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, Sakkwato da Maraɗi da Damagaram sun ɗan ɗara haka kaɗan. Ma'anar wannan ita ce da tsakar rana hasken daga saman kai yake sauka kusan duk shekara, har ma akwai kwanaki a ƙarshen Afrilu da cikin Agusta da rana ke tsayawa daidai tsakar ka a Kano, inuwar mutum ta taru a ƙarƙashin ƙafarsa. Hasken da ya zo daga sama goshi yake duka da karan hanci da kafaɗu. Ƙashin gira ya yi wa ido rumfa, hanci ya jefa inuwa kan leɓe, haɓa ta rufe wuya. Ki ƙara da bakin hijabi, ko ɗaurin ɗankwali mai tudu, ko hular yaro, kin ga fuska ta shiga inuwa gaba ɗaya alhali jiki na cikin rana.

Idonki ba ya ganin matsalar, domin Allah ya yi shi yana daidaita kansa da duk inda ya kalla. Kyamara ba ta da wannan baiwa. Wurin da rana ke duka yakan fi wurin inuwa haske sau takwas ko fiye, ita kuma dole ta zaɓi ɗaya. Idan ta bi farar shadda, fuska ta yi duhu. Idan ta bi fuska, shadda ta ƙone fari fat, aikin da aka biya tela ya ɓace. A kan fatarmu abin ya fi tsanani, don tazarar da ke tsakanin baƙar fata a inuwa da farin yadi a rana ta fi wadda Bature ke fama da ita. Tun zamanin fim ma haka ne: katin gwajin launi da kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wanke hoto shekara da shekaru, wanda ake kira katin Shirley, hoton farar mace ne a jiki, sai a shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban.

Aikin filashin rana shi ne cike wannan inuwa. Ba gasa yake yi da rana ba. Mai hoto yana saita kyamara ta dace da hasken baya da na tufafi, sannan ya ƙara ɗan haske daga gaba wanda zai shiga ƙarƙashin gira da hijabi. Gwanaye sukan rage ƙarfinsa zuwa rabi ko rubu'in abin da kyamara za ta bayar da kanta, abin da za ki ga an rubuta -1 ko -2. In an yi daidai, mai kallon hoto ba zai ma san an kunna filashi ba, sai dai ɗan ɗigon haske da zai gani a ƙwayar ido. An yi sa'a kuma launin hasken filashi da na tsakar rana kusan ɗaya ne, don haka suna sajewa.

Narkar da baya

Abu na biyu da ke burge mu a hoton ƙwararru shi ne yadda baya ke dusashewa, babu kwandon shara, babu igiyar shanya, babu almajirin da ya leƙo. Wannan daga ƙofar lensi yake zuwa. A cikin kowane lensi akwai ƙofa mai buɗewa da tsukewa kamar ƙwayar idon kyanwa, ana auna ta da harafin f da lamba. Lissafin a juye yake: ƙaramar lamba kamar f/1.8 ko f/2.8 ƙofa ce a wangale, babbar lamba kamar f/11 ko f/16 ƙofa ce a tsuke. Idan ta tsuke, na kusa da na nesa duk su fito. Idan ta wangale, inda aka saita kaɗai ke fita, saura ya narke.

Wurin da ke fitar nan siriri ne ƙwarai. Da babbar kyamara da lensi mai milimita 85 a kan f/1.8, idan yaro na nesa da mita 2, abin da zai fito tas bai wuce kaurin santimita 6 ba. Ido zai fita, kunne ya fara dusashewa. Shi ya sa wannan salo na mutum ɗaya ne, ko uwa da jaririnta kunci da kunci. Idan kika jera yara biyar, na gaba da na baya, mai hoto ya bar ƙofar a wangale, to wani zai fito wani ya zama hazo, kuma galibi autan da aka tsayar a gaba ne ke shan wahalar. A hoton taro gara ki haƙura da narkakken baya, a tsuke ƙofa zuwa f/5.6 ko f/8 kowa ya samu fuskarsa.

Inda biyun ke karo

Ga inda ake gane gwani. Filashi da wangalalliyar ƙofa, kowanne shi kaɗai ba wuya. Haɗa su cikin rana ne aiki.

Masu hoto suna da wani tsohon ma'auni: a rana tsaka, idan ƙarfin jin hasken kyamara, wato ISO, yana kan 100, to f/16 da buɗe ido na kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa su ne daidai. Duk matakin da aka ƙara buɗe ƙofa, hasken da ke shiga ya ninka biyu, dole a rage lokacin da rabi. Daga f/16 zuwa f/2.8 mataki biyar ne, haske ya ninka sau 32, don haka sai kyamara ta ƙifta cikin 1/3200 na daƙiƙa. A f/2 sai 1/6400. Kyamarori na iya wannan ƙiftawa, ba matsala, muddin babu filashi.

Matsalar tana cikin yadda ake ƙiftawar. A gaban farantin da ke karɓar hoto akwai labule biyu. Na farko ya zuge ya buɗe, na biyu ya biyo shi ya rufe. Idan lokacin bai gaza 1/200 ko 1/250 ba, gwargwadon kyamarar, akwai ɗan lokacin da na farko ya gama buɗewa na biyu bai taso ba, farantin duka a buɗe. A nan filashi ke walƙawa ya haske hoton gaba ɗaya. Da an wuce wannan sauri, labule na biyu zai taso tun na farko bai kai ƙarshe ba, sai ya zama wata 'yar tsaga ce kawai ke ratsa farantin daga gefe zuwa gefe. Walƙiyar filashi guda ɗaya kuwa abin da ke cikin tsagar kaɗai za ta samu. Sai ki ga hoto wani sashe na jiki da haske, wani sashe babu.

Don gudun haka, kyamarori da yawa da an ɗora musu filashi sai su kafe a 1/200, su ƙi wucewa. To ki duba: rana na neman 1/3200, kyamara ta tsaya a 1/200, ƙofa kuma a f/2.8. Haske ya wuce kima sau 16. Wannan shi ne asalin hotunan nan da ake kawo miki fari fes, sama ta ɓace, leshi ya zama takarda, yaron da kika sani wankan tarwaɗa ya koma kamar an shafa masa alli. Wasu har murna suke wai hoto ya ƙara musu haske. Ni dai a ganina hoton da jikoki za su kalla su kasa gane launin kakarsu bai biya kuɗinsa ba.

Mafita uku ce sananna. Ta farko, a tsuke ƙofa zuwa wajen f/11, a zauna a 1/200. Fuska za ta fito, amma baya ma zai fito da duk tarkacensa. Wannan ba laifi ba ne idan bayan mai kyau ne, kamar ƙofar gidan sarki ko filin makaranta mai shuke-shuke.

Ta biyu, a sa wa lensi baƙin tabarau. Gilashi ne mai duhu da ake ɗaurawa a bakinsa, ana kiransa ND, yana rage haske ba tare da sauya launi ba. Mai lamba 8 yana rage haske sau takwas, mai lamba 16 sau goma sha shida, wato daidai abin da ake buƙata a sauko daga f/11 zuwa f/2.8 ba tare da an taɓa 1/200 ba. Sai dai tabarau bai san bambancin hasken rana da na filashi ba, duka yake ragewa, amma tunda an buɗe ƙofa daidai gwargwadon abin da ya rage, ba a yi asara ba. Hanya ce mai sauƙin kuɗi, kuma tana aiki ko da tsohon filashi.

Ta uku ita ce wadda ƙwararru suka fi bi yanzu. Akwai filashin da maimakon walƙiya ɗaya, sai ya yi ta ƙyafƙyaftawa da tsananin sauri tun daga tasowar tsagar nan har ƙarshenta, yadda kowane sashe na hoto zai samu rabonsa. A jikin na'urar za ki ga an rubuta HSS, Nikon kuma suna kiran nasu Auto FP. Da shi ana iya kaiwa 1/4000 ko 1/8000 da filashi a kunne. Kuɗin da ake biya shi ne ƙarfi: tunda an rarraba walƙiyar, kuma labule na tare mafi yawanta, abin da ke isa fuska ya ragu sosai, batir ya yi saurin ƙarewa, kan filashin ya yi zafi. Shi ya sa za ki ga mai hoto ya zo da yaro riƙe da sanda, a kanta babbar fitila irin Godox AD200 ko AD600 cikin lema, yana ta matso da ita har kusa da amarya. Ba iyayi ba ne. Haske idan nisa ya ninka biyu, ƙarfinsa rubu'i yake komawa, ba rabi ba. Fitilar da ta wadatar a mita 1, a mita 2 kashi ɗaya cikin huɗu ne ke isa, a mita 4 ɗaya cikin goma sha shida.

Lemar ma da amfaninta. Fatarmu, musamman an shafa mai ga kuma gumi, tana maido haske kamar madubi. Ƙaramin filashi tsirara daga saman kyamara yakan bar farin tabo a goshi da kan hanci. Idan hasken ya fito daga faffaɗar lema, daga gefe kaɗan, sai ya kwanta a fata ya fito da sheƙinta.

Kafin ki ba da kafin alƙalami

Ba sai kin yi wa mai hoto jarrabawa ba. Ki ce ya nuna miki hotunan da ya ɗauka a waje da rana, ba na cikin situdiyo ko zauren biki ba, domin can kowa gwani ne. Ki buɗa hoton da yatsu ki duba ido: akwai ɗigon haske a ciki, ko rami ne? Ki duba farin yadi, ana ganin zaren aikin ko ya shafe? Ki haɗa launin fuska da na wuya da na hannu. Idan fuska ta yi fari hannu na nan yadda yake, ko filashi ya yi yawa ko an wuce gona da iri wajen gyara a kwamfuta. Inuwa biyu a ƙasa, ɗaya ta rana ɗaya ta fitila, ko baƙar inuwa a katanga bayan kai, alamar hannu bai faɗa ba ne. In kina so ki tambaye shi ko filashinsa na da HSS ko yana da gilashin ND, tambayi. Wanda ya sani zai amsa nan take.

Ga masu aurar da 'ya kuma, a kula da hoda. Wasu hodoji masu sinadarin silika, da wasu mayukan kare rana, suna maido hasken filashi su bar farin toka a ƙarƙashin ido wanda ba a gani a madubi. Mai kwalliya ta gama, a ɗauki amarya da filashin waya a ɗaki kafin a fita. Minti ɗaya ne.

Idan wayarki ce kyamarar

Gaskiyar magana, filashin waya ba ya ja da ranar Kano. Ɗan ƙwan LED ne, ɗan'uwan tocila. Irin filashin kyamara na gaske ya taɓa zuwa a wayoyi kamar Nokia N8 ta 2010, amma an daina yayinsa. Na yanzu, a rana tsaka, ko a taku biyu da ƙyar za ki ga tasirinsa. Inda yake amfani shi ne a inuwa, yaro na kusa kamar tsawon hannu ko ɗan fiye. A nan idan kika cire shi daga Auto kika sa On, zai ɗan buɗe fuska ya sa wa ido ƙyalli. A Auto ba zai taɓa kunnuwa da rana ba, don wayar gani take haske ya isa.

Ƙofar lensin waya kuwa a yawancin wayoyi ba ta motsi, a wangale take kullum, wajen f/1.8. Amma farantin da ke bayanta ƙarami ne ƙwarai, shi ya sa baya ba ya narkewa da kansa sai abu na dab da ita. Narkewar da kike gani a Portrait lissafi ne wayar ke yi, ta zagaye mutum ta dusashe saura. Apple ya yayata shi da iPhone 7 Plus a 2016, yau har ƙananan Tecno da Infinix suna da shi. Yana kyau, amma yana tuntuɓe a gefen gyale mai shara-shara, da bakin leshi, da jelar kitso, wani lokaci ya cinye ɗan kunne. Ki duba gefe-gefe kafin ki sallami yara su cire kaya. Yana kuma fin kyau idan yaro ya yi nesa da katanga da taku huɗu ko biyar, ba ya jingina da ita ba.

Tunda filashinki ba shi da ƙarfi, ki ari na rana. Ki juya yaro ya ba rana baya ko gefe, ya daina yamutsa fuska. Sai wani ya riƙe farin zanen gado, ko farin kwali, ko farin hijabi a gabansa daga ƙasa kaɗan, yadda rana za ta doki farin ta dawo fuska. Aikin da fitilar mai hoto ke yi ke nan, kuma kina ganin sakamakon da idonki tun kafin ki danna. Farar katanga da rana ke duka ma ta isa, a tsayar da yaro yana fuskantarta. Tiren silba yana yi, amma haskensa na da kaifi, yana sa yara hawaye, kada a haska shi a idon jariri.

Inuwa ma iri-iri ce. Bakin zaure, ko bakin rumfa, inda mutum ke cikin inuwa amma yana kallon fili, ya fi ko'ina. Ƙarƙashin darbejiya kuwa a yi hattara, rana na ratsa ganye ta yi wa fuska dabbare-dabbare, wanda ko filashin ƙwararru da ƙyar yake gyarawa. Bayan kin tsayar da shi, ki taɓa fuskarsa a allon waya don ta san ita ce muhimmiya, ki ja alamar ranar nan sama ko ƙasa har launin fatar ya yi daidai da wanda kike gani. Ki bar HDR a kunne, shi ne ke haɗa hotuna da yawa cikin ɗaya don a samu fuska a samu sama. Kuma ki goge gilashin kyamarar da gefen mayafi. Wayar da ta kwana a kicin ranar Sallah maiƙo ne a idonta.

Lokaci ya fi duk wannan sauƙi. Hoton Sallah an fi ɗaukarsa bayan an dawo idi an ci abinci, wajen sha ɗaya zuwa azahar, daidai lokacin da rana ta fi muni, yara kuma sun riga sun ɓata kaya da miya. Minti goma kafin a fita idi, rana na ƙasa-ƙasa, ya fi awa guda da azahar. Haka la'asar sakaliya. Da hunturu kuma ƙura kan tace rana ta tausasa inuwa, sai dai launi ya ɗan yi fari-fari. Idan za ki tura wa dangi ta WhatsApp, ki danna HD ko ki tura a matsayin Document, in ba haka ba ya matse hoton ya zubar da rabin kyansa.

Da yamma lis, rana ta yi ja, lissafin ya sauya. Hasken gari ya yi rauni, filashin waya ya fara tasiri, amma shi fari ne ita rana ja, sai fuska ta yi shuɗi-shuɗi a kan jan baya. Ƙwararru kan manna wa fitilarsu wata 'yar leda mai ruwan lemo don launin ya saje. A wannan lokaci ne kuma ƙwayar ido ke buɗewa, har a fara ganin jan ido a hoto. Jan nan ba komai ba ne, hasken ne ya doki bayan ido ya dawo, kuma filashin hoto na yau da kullum ba ya lalata idon yaro. Abin da za ki lura da shi shi ne idan ido ɗaya ya yi ja ɗayan kuma ya yi fari ko ruwan ɗorawa kamar idon kyanwa da dare, musamman in ya maimaitu a hotuna da yawa. Wani lokaci kusurwar ɗauka ce kawai, amma yana iya zama alamar yanar ido, ko wata cutar daji ta cikin ido da ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5, wadda ake warkewa idan an gano ta da wuri. Kada ki goge hoton, kada a tsaya ɗiga magani a gida. Ki kai yaron wurin likitan ido cikin satin, a asibitin koyarwa mafi kusa ko Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ki nuna masa hoton a wayarki.